Magen Farfesa da Man Kaɗen Hajiya

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a unguwar Bukit Jalil ta birnin Kuala Lumpur ya san Muttaka. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shekararsa huɗu yana digirin dakta a wata jami'a da ke unguwar, kuma a shekarun nan ba a taɓa tayar da wani zance a gabansa ya ce bai sani ba. In jirgin sama ake hira, kawunsa ne ke gyara su a Kano. In kamun kifi ne, a bakin dam aka yanke masa cibiya. Ranar da aka yi zancen girgizar ƙasa a shagon mamak, inda 'yan Arewa ke haɗuwa shan shayi, sai da ya sanar da jama'a cewa shi yana jin warinta kwana biyu kafin ta zo.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: Farfesa Zaleha, mai duba masa aiki, ta sa hannu a takardar miƙa kundinsa kafin ƙarshen Janairu. In ta sa, ya gama. In ba ta sa ba, bizarsa ta ƙare, sai ya sake bin layin sabuntawa ya ƙara zango guda. A can Gaya kuwa Hajiyarsa har ta sa an buga kalanda ɗari uku da hotonsa, an rubuta "Dakta Muttaka" da jan harafi, an sa walima a Fabrairu.

Tsakiyar Disamba ya shiga ofishin Farfesa da takardarsa, ya same ta ta yi tagumi. Za ta tafi Ingila hutun mako biyu wajen 'yarta, ga shi otal ɗin maguna ya cika. E, otal. A ƙasar nan mage tana da otal, tana da likita, tana da mai yi mata gyaran farce.

"Muttaka, ka iya kula da mage?"

Mai hankali a nan cewa zai yi kaɗan-kaɗan. Muttaka ya gyara zama.

"Prof, a gidan kakata maguna goma sha bakwai ne, kuma ni ke riƙe da su. Har daga ƙauyuka ake kawo min marasa lafiya."

Gaskiyar magana, mage ɗaya ce a gidan kakar tasa, ba ta da suna, kuma duk abin da ya taɓa haɗa su shi ne takalmin da yake jifanta da shi.

"To boleh?"

"Boleh, Prof. Zan iya har da rara."

Farfesa ta yi ajiyar zuciya, ta ɗora hannu a kan takardarsa. "Ina dawowa zan duba wannan. Kullum ƙarfe biyar na yamma zan kira ta bidiyo in ga Comel. Kada ka ƙi ɗauka, lah."

Washegari aka miƙa masa Comel. Fara ce sol, gashi har yana jan ƙasa, fuska a lotse kamar wadda ta yi karo da bango tun tana ƙarama ta ƙi yafewa. Ta zo da jakar abinci, mataji uku, kwanuka biyu, da takardar umarni shafi uku.

Benen su Muttaka hawa talatin ne, kuma a bakin lif akwai allo mai hoton mage da kare an ja musu jan layi. Madam Tan, manajar ginin, da hannunta ta kafa shi. Wannan bai dame shi ba. Ya zura kejin cikin buhun shinkafa ya ɗaure baki, don a garinsu ma ba a barin mage ta ga hanya in za a sauya mata gida. Yana wucewa gaban maigadi buhun ya yi kuka. Muttaka ya dafe ciki.

"Ban karya ba yau," in ji shi, ya shige lif.

A hawa na goma sha bakwai matarsa Hannatu ta buɗe ƙofa, goye da 'yarsu Afnan. Ta dubi buhun, ta dubi abin da ya fito daga ciki.

"Abban Afnan, mene ne wannan?"

"Digirina ne. Matsa ta wuce."

Hannatu ta ɗauki takardar Farfesa za ta karanta, ya karɓe ya jefa saman firji.

"Wannan rubutun mai son mage ne, ba na masani ba. Mu masu bincike ba ma aiki da son zuciya."

Ya zauna da waya awa biyu cur. Da la'asar ya miƙe da fuskar wanda ya gano man fetur a bayan gida. Ya samo wani dogon bayani da Turawa suka rubuta kan yadda ake kare maguna a hutun lokacin sanyi. Ya yago murfin kwali, ya rubuta haɗura huɗu da manyan baƙi, ya manna a ƙofar firji: SANYI. BISHIYAR KIRSIMETI DA ƘYALE-ƘYALENTA. BAƘI MASU BARIN ƘOFA A BUƊE. TARTSATSIN WUTAR SABUWAR SHEKARA.

"Da na ɗaya za mu fara," in ji shi, ya ɗauki rimot ya kashe AC.

"Wane sanyi?" in ji Hannatu. "Dubi rigarka fa, ta jiƙe sharkaf."

"Disamba muke."

"A Kuala Lumpur muke."

"Disamba Disamba ce ko'ina. Ita mage da kalanda jikinta yake aiki. Ke don kin ji zafi ba shi ke nuna babu sanyi ba."

Ya rufe tagogi. Ya buɗe tsohuwar jakar da Hajiya ta aiko lokacin haihuwar Afnan. Hajiya ta ji an ce ƙasar waje, ita kuma a saninta ƙasar waje sanyi ce, don haka ta haɗo rigar sanyi ta ulu ruwan ɗorawa, da hula mai tuntu, da wata ƙatuwar roba cike da man kaɗe. Shekara guda ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Muttaka ya ɗaga rigar sama.

"Kin ga hikimar manya? Ta san ranar za ta zo."

Minti arba'in aka yi ana kokawa kafin Comel ta shiga rigar. Ana gamawa Zahraddeen ya ƙwanƙwasa. Maƙwabcinsu ne na ƙofa da ƙofa, Bazazzagi mai karatun injiniya, mutum ne da ba ya dariya sai dai ya sa a yi. Ya shigo ya tsaya, ya share goshi.

"Dakta, burodi kuke gasawa?"

"Mage muke karewa."

Zahraddeen ya dubi Comel, ta baje a kan tayil, baki buɗe, tana haki cikin rigar ulu.

"Daga me?"

"Daga sanyi."

"To ai kun yi nasara. Ko a Sakkwato ba ya nan kamar yadda ba ya nan."

"Kai injiniya ne, ƙarfe ka sani. Rai ba fanninka ba ne."

"Haka ne. Amma ko inji in ya fara wannan hakin kashe shi muke yi."

Biyar saura minti biyar Hannatu ta cire wa magen riga ta kunna AC, Farfesa ta kira, ta ga Comel fara tas tana shan ruwa kamar raƙumi, ta yaba. Ana kashe waya Muttaka ya ɗauke rimot ya sa a aljihu. Daga ranar aka shiga yaƙin rimot: in ya fita Hannatu ta kunna daga jikin bango ta tuɓe wa magen riga, in ya dawo ya mayar. Wannan ne ma ya sa Comel ta kai labari.

Rana ta uku ya kai ga sakin layin da ya ja masa. Turawan sun ce a lokacin sanyi tafin ƙafar mage kan tsage saboda ƙanƙara da gishirin da ake zubawa a titi, don haka a riƙa shafa mata mai. Muttaka ya yi dariya har da buga cinya.

"Sai yanzu suka gano! Mu da tun muna yara in an yi mana wanka ake mulke mu!"

"Abban Afnan, ina ƙanƙarar? A hawa na sha bakwai take, a kan kafet."

"Rigakafi ake cewa. Miƙo min robar Hajiya."

Ba ta miƙo ba, ya ɗauko da kansa. Ya fara da tafin ƙafa, kamar yadda aka rubuta. Sai ya tsaya ya yi nazari irin na masu bincike: ashe ƙafa ce kaɗai ke jin sanyi? Hajiya ba ta taɓa tsayawa a ƙafa ba. Daga goshi take farawa har ɗan yatsa, sai yaro ya fito yana ƙyalli kamar sabon kwano. Ya narka man a murhu ya huce, ya naɗe hannun riga, ya bi Comel da shi tun daga bayan kunne har ƙarshen jela, yana cusa shi cikin gashi da yatsu yadda zai ratsa. Rabin roba ta tafi. Da ya sake ta, magen da ta zo kamar tulin auduga ta koma rabin girmanta, ta yi taku biyu santsi ya kwashe ta, ta zame a kan tayil har ƙarƙashin gado.

"Kin gani? Har ƙarfi ta ƙara."

Da safe abin da ya fito daga ƙarƙashin gadon ba wanda ya gane shi. Duk abin da tsintsiya ta kasa kaiwa cikin shekara uku, Comel ta kwaso: ƙura, zare, ƙwayar shinkafa, maɓallin riga biyu, da ɗan kunnen Hannatu da ya ɓata tun bara. Launinta ya koma na tsumman goge tukunya. Ga shi ta kwana tana lasar mai, ciki ya ɓaci, kuma duk faɗin falon ba ta ga inda ya dace ba sai kan babi na uku na kundin da Muttaka ya buga ya ajiye a ƙasa.

Zahraddeen ya leƙo, ya daɗe yana kallon takardun.

"Ashe ita ma tana duba aiki. Gidan malamai ta tashi."

"Fita min daga gida."

"Amma ta fi Prof sauri. Kwana ɗaya ta ba da ra'ayinta."

Ƙarfe biyar Muttaka ya naɗe Comel da tawul, ya kashe fitila, ya nuna wa Farfesa ido biyu da hanci.

"Me ya sa take ƙyalli, Muttaka?"

"Ƙoshin lafiya ne, Prof."

"Ɗaga ta in ga jikinta."

"Network, Prof… ina jin ki… ba na jin ki…" Ya riƙa jijjiga wayar da hannunsa har ya kashe.

Rana ta biyar wanka. Ya tara ruwan ɗumi a baho ya zuba sabulun wanke-wanke. Ruwan ya riƙa gangarewa daga jikinta kamar daga bayan agwagwa, ita kuma ta rubuta masa amsarta da farce tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, layi-layi. Ya fito daga banɗaki yana ɗigar da ruwa da jini.

"Wasa take so. Sabo ne ya fara shiga."

"In sabon ya gama shiga sai mu kira motar asibiti," in ji Hannatu. "Don Allah mu kai ta wajen likita tun abin bai fi haka ba."

"In kai ta wajen likita a ce me? A ce mai maguna goma sha bakwai ya kasa da ɗaya?"

"A ce gaskiya mana."

"Ke ba ki san siyasar jami'a ba."

Rana ta shida ya yanke shawarar cewa matsalar ba ta mai ba ce, ta launi ce. Fara aka ba shi, fara zai mayar. Ya ɗauko hodar Afnan, babban gwangwani, ya zazzage mata. Hoda ta haɗu da man kaɗe da sauran danshin wanka, abin ya kama. Comel ta koma kamar ƙwaɓin fanke da aka manta a kwano, curi-curi, mai ido biyu. In ta yi tafiya tana barin sawu fari a kan kafet.

"Fara dai ta yi," in ji Muttaka.

"Saura a soya," in ji Zahraddeen daga bakin ƙofa.

Kwana uku ana nuna wa Farfesa ido da hanci cikin tawul. Muryarta ta fara sauyawa. Ranar ashirin da uku ga wata ta ce, "Gobe gaba ɗayanta nake son gani, daga kai har jela. In network ɗinka ba shi da kyau ka sauka ƙasa."

Ranar ashirin da huɗu, wajen huɗu da rabi, ana ta ruwan sama, Malam Sharif ya zo ziyara daga Cheras. Dattijo ne, shi ke ɗaura aure da raɗin suna a tsakanin 'yan Arewan garin. Zahraddeen ne ya rako shi, riƙe da ledar shinkafar da ya sayo aka ƙunshe masa a shagon mamak. Muttaka ya wangale ƙofa har bango, ya rusuna.

"Malam, barka da zuwa. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ya iyali?"

"Lafiya lau. Ya mutanen Cheras?"

"Suna gaisuwa. Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi, an kusa. Ya aka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya labarin gida, ya Hajiya?"

Aka bi Hajiya, aka bi ƙannen Hajiya, aka dawo kan ƙafar Malam da ke masa ciwo. Malam ya sunkuya kwance igiyar takalmi, ya hango kwalin da ke jikin firji.

"Wannan kuma fa? Laya ce?"

Muttaka ya miƙe tsaye, hannu ɗaya riƙe da ƙofa. "Tsarin tsaro ne, Malam. Dubi na uku. Yawancin magunan da ke ɓata a lokacin hutu, baƙi ne ke jawowa. Mutum ya tsaya surutu a bakin ƙofa, ya bar ta a buɗe, dabba ta sulale. Sakaci ne kawai da rashin ilimi. Ni a gidana…"

"Abban Afnan," in ji Hannatu daga kicin, "ina magen?"

Kowa ya dubi ƙasa. Daga tsakanin ƙafafun Muttaka wani farin sawu ya fita, ya bi baranda ɗis-ɗis-ɗis. Can ƙarshe lif ya ce *ting*, ya rufe.

Muttaka bai jira wani lif ba. Ya bi matakala, hawa goma sha bakwai, ba takalmi.

A falon ƙasa kuwa Madam Tan ta haɗa wa mazauna ginin bikin ƙarshen shekara. Mutum ya fi sittin: Sinawa, Malayawa, Indiyawa, Larabawa, ɗaliban Afirka da suka ji an ce akwai makan, wato abinci, kyauta. An sa wa maigadi jar riga da farin gemun auduga. A tsakiya ga bishiyar Kirsimeti ta roba, tsayinta ya kusa taɓo rufi, an lulluɓe ta da ƙwallaye masu sheƙi, zaren ƙyalli da ƙananan fitilu. Sati guda Madam Tan ta yi tana haɗa ta.

Lif ya buɗe, wani abu ya fito a guje ya haye bishiyar. Wata mata ta yi ihu ta ce ɓera. Wani ya ce biri ne daga daji. Lokacin da Muttaka ya faɗo daga matakala yana haki, Comel tana can ƙoli, kuma duk reshen da ta bi ta kwashe masa ado. Zaren ƙyalli ya manne mata, garin ƙyalƙyali ya manne, har da wani ɗan tauraro a gefen ciki.

Madam Tan ta nuna allon bakin lif da yatsa. "Na waye? An hana dabbobi a ginin nan!"

Zahraddeen, da ya sauko a lif tare da Malam da Hannatu, ya dubi sama cikin natsuwa.

"Madam, allon mage da kare ya ce. Za ki iya rantsewa wannan ɗaya ce daga ciki?"

"Kowa ya ja baya!" in ji Muttaka. "Ni na san halinsu. Goma sha bakwai na riƙe."

Ya jawo tsanin masu gyaran fitila ya hau. Malam Sharif ya ce, "Muttaka, a bi a hankali." Hannatu ta ce a kawo abincinta a kira ta, za ta sauko da kanta. Bai ji ko ɗaya ba. Ya kai mataki na ƙarshe, ya miƙa hannu biyu ya cafke ta a ciki. Ta sulɓe ta sama kamar sabulu. Ya sake cafka, ta sulɓe ta ƙasa. Karo na uku abin da ya rage a hannunsa curin hoda ne da maɓallin riga. Jama'a suka ɗaga wayoyi.

Sai aljihunsa ya ɗau ƙara. Ƙarfe biyar daidai.

Ya tsaya a kan tsani ya yi lissafi. In bai ɗauka ba, ta gane. In ya ɗauka, fuskarsa kawai za ta gani. Ya goge hannu a wando, ya gyara murya, ya danna.

"Prof! Barka da hutawa. Ya sanyin Ingila?"

"Ina kake haka? Bishiya nake gani."

"Na sauko neman network ne, kamar yadda kika ce."

"Ina Comel?"

"Tana barci, Prof. Barci mai nauyi. Ban so in tashe ta."

Farfesa ta matso da fuska jikin waya. "Muttaka, kada ka motsa. Akwai wata dabba a bayan kanka."

Comel ta yi kwanaki ba ta ji wannan muryar a fili ba tare da tawul a kunne ba. Ta leƙo daga cikin reshe, tauraro na lilo a cikinta, ta buɗe baki ta yi wani siririn kuka mai tsawo, irin na wanda ya daɗe yana tara ƙara.

Farfesa ta dafe ƙirji. "Comel?"

Magen ta yi tsalle ta nufi muryar. Muryar kuwa tana dab da hancin Muttaka. Ta sauka a fuskarsa da ƙafa huɗu, ya saki tsani ya rungumi bishiya, bishiya ta yi tunani kaɗan ta biyo shi. Ƙwallaye suka watse har bakin titi, fitilu suka mutu, teburin lemo ya kife a kan maigadi mai gemu. Wayar ta zame a kan tayil ta tsaya a gaban Hannatu, Comel ta bi ta ta zauna a kai tana kuka.

Hannatu ta cire gyalen da ta yafa, ta naɗe magen, ta ɗauki waya.

"Prof, ni ce matarsa. Tana da rai. Man kaɗe ne da hoda."

"Ki kai ta asibiti yanzu-yanzu. Ke. Ba shi ba."

Daga ƙarƙashin bishiya aka ji murya: "Ku lura da kyau, wannan shi ne haɗari na biyu da na rubuta."

"Saura na huɗu," in ji Zahraddeen. "Allah Ya sa ba a hannunka ashanar take ba."

Likitan dabbobi ya daɗe yana jujjuya Comel da safar hannu. Ya ce an yi sa'a ba ta haɗiyi zaren ƙyallin ba, da sai an buɗe ciki. Ya ce mage mai irin wannan gashi zafi ne abokin gabarta a garin nan, kuma duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Sannan ya tambaya, "Wa ya yi mata wannan?"

"Ana kan bincike," in ji Muttaka, wanda ya biyo su duk da an hana shi.

Gashin ba ya tsefuwa, ba ya wankuwa. Aka kawo injin aski aka yi mata ƙwal, aka bar kai da ɗan tuntu a jela. A mota Hannatu ta fito da takardar Farfesa da ta sauko da ita daga saman firji, ta karanta layi ukun farko da ƙarfi har direba ya ji: kada a kashe AC, kada a yi mata wanka, kada a shafa mata komai.

"Ai da ta ja layi a ƙarƙashi," in ji Muttaka.

Kwana biyu ya yi yana tayar da bishiyar Madam Tan reshe-reshe, tana zaune a kujera tana nuna masa da sanda. Comel ta ƙarasa hutun a gidan ƙanwar Farfesa, inda ta ga sabuwar shekara lafiya.

Makon farko na Janairu ya shiga ofis da takardarsa da plasta a hanci. AC na ta busawa. A kan teburin, kusa da kundinsa, ga Comel, siririya kamar figaggiyar kaza, tana rawar ɗari cikin rigar ulu ruwan ɗorawa. Hannatu ce ta haɗa da ita cikin kaya. Fuskar Muttaka ta washe.

"Prof, kin ga dai rigar ta yi rana. Tun farko na ce akwai sanyi."

Farfesa ta cire tabarau ta ninke. Ta ɗauki takardarsa, ta buɗe aljihun tebur na can ƙasa, ta saka, ta rufe.

"Muttaka, ni ba na iya karatu in raina a ɓace yake. Ba na so in zalunci aikinka."

"Na gode, Prof. Yaushe ran zai dawo?"

Ta shafa bayan Comel. "Tare za su dawo da gashin."

Likita ya ce wata biyar, in an yi sa'a huɗu. Muttaka ya bi layin biza ya ƙara zango. Kowace Litinin yana zuwa ofis da 'yar rula a aljihu; ba a barinsa ya taɓa, daga nesa yake ɗagawa ya kanne ido ɗaya ya auna.

Ranar da ya kamata a yi walima Hajiya ta kira daga Gaya, Hannatu na gefe tana ba Afnan abinci.

"Dakta, mutane sun dame ni da tambaya. Kalandar har ta fara tsufa. Saura me?"

"Saura inci biyu, Hajiya."

"Inci biyu na me?"

"Harkar bincike ce, ba za ki gane ba."

"To Allah Ya cika. Ka dai riƙa kula da jikinka, an ce ƙasar waje sanyi. Akwai mai tahowa jibi, in ƙaro muku man kaɗe?"

Idon Muttaka ya kawo haske. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya juyo.

"Hannatu, kin san fa an ce yana tsiro da gashi…"

Hannatu ta fizge wayar.

"Hajiya, kada ki aiko. Ko an ba ki kyauta, kada ki aiko."